Wa Ya Hana Mu Nama, Al'ada ko Aljihu?

Mu 'yan Kakau ba ma rasa ganin shanu. Titin Abuja ya ratsa ta ƙofar gidajenmu, dare da rana tireloli na wucewa shaƙe da su, ƙahoni a sama, yaran mota zaune a kan katako, an nufi Kudu. In Babbar Sallah ta matso raguna su karɓi hanya, in Disamba ta kama sai awaki da kaji. Yaranmu ma daga bakin titi suna iya bambanta bunaji da rahaji. Amma ka zaga cikin unguwa da magariba, lokacin da ake kwashe tuwo, ka tambayi matan gida tsoka nawa ta shiga miyar yau. Wata ta yi dariya, wata ta ce ka tambayi maigidan, wata kuma ta ce ai an ci ranar Lahadi.

Abin da ya tayar da zancen a 'yan kwanakin nan shi ne dawowar wani maƙwabcinmu daga Indiya, inda ya raka yayansa jinyar ƙoda. Tun da ya sauka teburin mai shayi bai huta ba. An tambaye shi jirgi, an tambaye shi asibiti, an tambaye shi ko da gaske suna rawa a kan titi kamar yadda muka saba gani a fim. Da aka zo kan abinci sai ya gyara zama.

"Ku bari kawai," in ji shi. "Mutanen nan ba su damu da nama ba. Duk abin da ka ɗauka a kanti, ko biskit ne, akwai alama a jikin ledar. Kore, babu nama a ciki. In ka ga mai ruwan ƙasa, to da nama ko ƙwai. Gidan abinci guda, bene hawa biyu, cike da mutane, amma ko ƙashi babu a tukunyarsu. Likitan da ya yi wa Yaya aiki, mutum mai mota da direba, an ce tun da aka haife shi ko ƙwai bai taɓa sa wa a baki ba."

Wani ɗan acaɓa da ke shan shayinsa a tsaye ya ce, "Talauci ne, Yallaɓai. Mutum sama da biliyan ɗaya, wane naman ne zai ishe su? Babu ce ta sa suka ce ba sa so."

"Likitan ne matalauci?"

"To, kakansa ne matalaucin, shi kuma ya gada."

Aka yi dariya. Baba, wanda ya yi shekarun ƙarfinsa a masaƙun Kakuri kafin su durƙushe, ya ajiye kofinsa ya ce shi ba labari aka ba shi ba. A zamaninsu makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai Indiyawa masu koyar da lissafi da kimiyya, kuma akwai su a kamfanoni da kantunan Kaduna. Ya san wani a cikinsu da kukunsa ke zuwa kasuwa ya wuce rumfar mahauta ko waiwaye babu, ya je ya cika kwando da wake da tumatir da alayyafo, sannan ya tsaya wurin 'yar Fulani ya sayi nono da man shanu. "A lokacin nan," in ji Baba, "albashinsa na wata zai sayi sa sukutum. Mu masu ƙaramin albashi mu ne muke layi a wurin mai tsire. Don haka, ɗana, kada ka ce babu ce."

Ni ina ganin Baba ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ɗan acaɓan ma bai faɗi ƙasa warwas ba. Da farko dai, cewa Indiyawa ba sa cin nama magana ce da ta yi faɗi da yawa. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da wani nazari a 2021 inda kashi 39 cikin 100 na manyan Indiyawa suka ce su ba sa cin nama, wato mafi rinjaye suna ci. Sai dai kashi 81 sun ce suna da wata iyaka: ko akwai dabbar da ba sa ci, ko akwai ranakun da suke ƙaurace masa. Da aka bi addini-addini, mabiya addinin Jain kashi 92 ba sa ci, waɗannan har albasa da tafarnuwa da dankali masu tsananin riƙo a cikinsu suke guje wa. 'Yan Sikh kashi 59, 'yan Hindu kashi 44, Kiristoci kashi 10, Musulmi kashi 8. Musulmin Indiya kuwa ba 'yan kaɗan ba ne, sun haura miliyan 170 a ƙidayar 2011.

Abin da ya fi karya hujjar talauci shi ne taswirar ƙasar. Jihohin da suka fi ƙin nama su ne na arewa maso yamma, irin su Rajastan, Haryana, Panjab da Gujarat, kuma Haryana da Gujarat suna cikin masu abin hannu a Indiya. A can kudu da gabas kuwa, Kerala, Telangana, Tamil Nadu da Bangal ta Yamma, kusan kowa yana cin kifi ko kaza ko akuya, a Kerala har naman sa ake soyawa a fili. Wasu masana biyu, Balmurli Natrajan da Suraj Jacob, sun yi nazari a 2018 suka ce ainihin marasa cin nama ba su wuce kashi 20 ba, domin mutane da yawa suna ɓoye cewa suna ci, saboda a can ƙin nama alama ce ta babban gida. Sun kuma nuna gidajen da ba sa cin nama sun fi masu ci samun kuɗi. Wannan ya samo asali ne daga tsarinsu na dangi sama da dangi, inda yawancin waɗanda ake ɗauka a matsayin na sama suke ƙyamar nama, ana kuma ƙasƙantar da na ƙasa da cewa su ne masu cin sa da jimar fata. B. R. Ambedkar, jagoran waɗannan da aka ƙasƙantar kuma shugaban kwamitin da ya tsara kundin mulkin ƙasar, ya rubuta littafi a 1948 yana danganta wariyar da ake musu da cin naman saniya. A cikin wannan kundin akwai sashe na 48 da ya umarci gwamnati ta yi ƙoƙarin hana yanka shanu, kuma yawancin jihohi sun yi dokar hakan.

Da na gaya musu wannan a teburin, na ƙara da cewa duk da haka Indiya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da jan nama, sama da tan miliyan 1 a shekara, na ɓaunar gida da suke kiwo, ana kai wa Masar da Malesiya da Biyetnam da ƙasashen Larabawa, sai mahaucin unguwarmu ya tafa hannu. "Abin mamaki, kare da tallan tsire! Ashe mai yiwuwa alhazanmu sun sha cin naman Indiya a Makka ba su sani ba."

Inda ɗan acaɓa yake da gaskiya shi ne, a cikin masu cin ma, talakan Indiya ba kullum yake gani ba. Ya yarda da nama, addininsa bai hana shi ba, amma sai mako-mako ko wata-wata. Shi ya sa in aka raba naman da ake ci a ƙasar a kan kowane mutum, bai kai kilo 10 a shekara ba. Mu ma a Nijeriya bai kai kilo 10 ba. Ba'amurke kuwa yana haura kilo 100.

"To kun ji," in ji mahaucin. Sarkin Fawa muke ce masa, ko da yake ba a naɗa shi ba. "Su sun ƙi, mu muna so, amma a kan sikeli mun zo ɗaya. Ku bar Indiya ta huta, ku zo nan gida in ba ku labari, ni da wuƙa ke hannuna."

Kafin ya fara, Mama mai doya, Bagbagyiya ce da rumfarta ke jikin ta mai shayi, ta ce a tsaya tukun, kada a yi kamar mu ba mu da namu hane-hanen. Ta kuwa faɗi daidai. A Kakau kusan kowane gida akwai naman da ko kyauta aka kawo ba zai shiga tukunya ba. Musulmi ba ya cin alade, ba ya cin mushe, ba ya cin abin da ba a yanka da sunan Allah ba, ko da kuwa ya kwana uku bai ga maiƙo ba. A cikin Kiristoci akwai masu kiwon alade a bayan gida, suna biyan kuɗin makarantar yara da shi, kuma kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan, wadda ke ci ranar Alhamis, ta yi suna a duk ƙasar nan, har daga Kudu ake zuwa lodi. Amma a cikin Kiristocin nan dai akwai masu ibada ranar Asabar da ba sa kusantarsa, akwai kuma waɗanda babu wanda ya hana su, ransu ne kawai bai karɓa ba. 'Yan Katolika suna barin nama ranar Larabar toka da Juma'o'in azuminsu kafin Ista. Akwai masu cin naman kare, akwai waɗanda ko zancen ba sa son ji. Gafiya da burgu da gyazbi da yara ke farauta bayan an ƙone daji, wani gida gara ce, wani gida abin kunya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗi ya tsara.

Baba ya ce in ana neman Ba'indiye a ƙasar nan, a je ruga. Bafulatani yana da garke, amma ba ya tashi haka kawai ya kayar da saniya don kwaɗayi. Sai suna, sai biki, sai in dabba ta kasa. Abincinsa na yau da kullum nono ne da fura da tuwo da man shanu. Saniya a wurinsa dukiya ce, gado ce, kowacce da sunanta. Mai shanu hamsin da ke wata guda bai ci nama ba, ba za ka kira shi matalauci ba.

Akwai wata al'ada tamu da nake ƙauna, kuma ina fata kada ta mutu. Kowa ya san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka raba Kaduna, mutane suka yi ta ƙaura, waɗannan suka haye arewacin kogi, waɗancan suka gangaro kudu, har unguwanni irin Gonin Gora da Sabon Tasha da nan Kakau suka cika suka batse. Duk da haka, har gobe akwai gidajen Kirista da in Kirsimeti ta zo, sai maigida ya aika a kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kaza ko akuya, don kawai in an dafa shinkafa a iya miƙa masa kwano ya ci hankali kwance. In layya ta zo, shi ma Kiristan ya ga yaro da ƙullin soyayyen nama a ƙofar gidansa. Mama mai doya ta ce ita mijinta bai taɓa yanka abin Kirsimeti da hannunsa ba, ta juya ta ce wa mahaucin, "Ko ba kai kake zuwa ba, Sarkin Fawa?" Ya ce shi ne, kuma har yanzu yana bin ta bashin ƙafar akuyar bara.

Al'adar da ta hana mu wasu namun ita ce kuma take tilasta mana nama a wasu ranaku, kuma a nan ne take nuna ƙarfinta a kan aljihu. Magidanci zai yi wata uku yana cin tuwo da miyar kuka gaya, amma ranar sunan ɗansa sai rago ya faɗi, ko da bashi ne. Kafin sunan ma an dafa kauri, an gasa wa mai jego nama da yaji don ta mayar da jini. Baƙo ya zo daga nesa, kazar da ake tattali saboda ƙwai ita za a kama. Kirsimeti babu nama a kan shinkafa, yara ba za su iya fita cikin 'yan uwansu ba. Layya kuwa malamai sun sha faɗa cewa mai hali aka ɗora wa, amma mun san mazaje nawa ne ke rasa barci saboda kada yaran maƙwabta su ga hayaƙin babbaka a kowane gida ban da nasu.

Da rago ya fi ƙarfin mutane, sai muka koma ga dabarar iyayenmu, watanda. A haɗa kuɗi, a wakilta mutum biyu ko uku masu ido su je Zangon Tudun Wada su tayo sa, a kayar da shi da asuba, a kasa kashi-kashi a kan buhu. Kowane kashi da tsokarsa, da ƙashinsa, da 'yar hanta, da tumbi, da kitse. Sai a sa yaro ya juya baya, ana nuna kashi yana kiran suna, don kada wani ya ce an zaɓar wa wani. Musulmi na yi da Sallah, matan zumunta da ƙungiyoyin ma'aikata na yi da Kirsimeti, wasu tun farkon shekara suke zubi kamar adashi. Sau da yawa ma a sa ɗaya za ka tarar da kason Musulmi da na Kirista jere da juna.

Amma Sallah da Kirsimeti da suna, in ka tara su duka, kwana nawa ne a shekara? Sauran kwanakin fa? A nan Sarkin Fawa ya karɓi magana, kuma babu wanda ya katse shi.

Ya ce shi ba ya buƙatar rediyo ta gaya masa halin da ƙasa ke ciki, teburinsa ya ishe shi. Wanda da yake sayen kilo ya koma rabi. Mai rabi ya koma cewa a yanka masa na ɗari biyar, kuma kunya ce ke sa a yanka, don na ɗari biyar yanzu bai fi a rufe shi da tafin hannu ba. Daga nan aka gangara kayan ciki, sai kai da ƙafa, sai ganda, sai ƙashin da da ake ba almajirai da masu karnuka, yanzu mata ke yin layi a kansa don miya ta yi ƙamshi. Wasu sun bar teburinsa gaba ɗaya sun koma kifin ƙanƙara, da shi ma ya hau suka koma busasshe, a marmasa ɗaya a tukunyar mutum goma. Akwai kuma gidajen da daddawa da dunƙulen magi ne kaɗai ke riƙe da miya. "Mutanen nan," in ji shi, "babu wanda ya sake addini a cikinsu, babu wanda ya sake ƙabila. Jiya suna ci, yau ba sa ci."

Lissafin hukuma ma bai saɓa da nasa ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna farashin kilon naman sa ya ninka fiye da sau biyu tsakanin farkon 2023 da ƙarshen 2024. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon dabba ya tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, alhali dabbobi masu yawa daga can suke shigowa ta Maigatari da Jibiya da Illela. Satar shanu a dazukan Birnin Gwari da nan cikin Chikun ta kori makiyaya da dama, ta hana manoma zuwa gonakinsu na nesa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da Jihar Kaduna ta amince da shi a ƙarshen shekarar, naira 72,000, in ka kai shi gaba ɗaya wurin mahauci a lokacin, abin da za ka ɗauko bai wuce kilo 12 ba, ba ka sayi masara ba, ba ka biya haya ba. Yawancinmu kuma ko wannan albashin ba mu da shi. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Kaza ma da muke ganin ita ce mafita, abincinta masara ne da waken suya, in suka hau ta hau. Ga katafaren kamfanin Olam na abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki nan gaba da mu kaɗan a kan wannan titin, wanda Shugaba Buhari ya buɗe a Satumbar 2017. Ya sa kiwon kaji ya yaɗu a unguwanninmu, kusan kowane lungu akwai mai keji. Sai dai ka tambayi matar da ta zuba 'yan tsaki hamsin don Kirsimeti guda nawa take yanka wa gidanta. Da wuya ta wuce ɗaya, sauran kuɗin makaranta ne.

Duk wannan hira ana yi mai awara tana jin mu, tana juya kaskonta ba ta ce uffan ba. Sai da Sarkin Fawa ya ce har an kai ga mutane na jefa awara a miya a madadin nama, yana faɗa yana girgiza kai kamar ana ta'aziyya, sannan ta ɗago.

"To mene ne laifin awarar, Sarkin Fawa? Da ita na yaye 'ya'yana, ga su nan garau. Ku maza ku ne kuke aiko yaro ya saya muku a ɓoye, wai kada a ce maigida na cin awara. Ganda da ba ta da komai sai tauna kun ɗauke ta nama, abin da ke gina jiki kuma kun raina shi."

A nan ne nake ganin Indiyawa suka sha gabanmu, kuma ba a ƙin naman ba ne. Wanda ya bar nama a can yana da abin da ya maye gurbinsa, kuma yana alfahari da shi. Kullum akwai miyar wake iri-iri da suke kira dal, akwai kindirmo, akwai cuku, akwai man shanu. Ba haka kawai madarar ta wadata ba. A 1970 suka ƙaddamar da wani gagarumin shiri ƙarƙashin Verghese Kurien, aka ɗauki tsarin ƙungiyar gama-kai ta Amul da ke garin Anand a Gujarat aka baza shi a ƙasa, mai saniya ɗaya ko biyu ya kai madararsa safe da yamma a auna a biya shi. Yau Indiya ce ta ɗaya a duniya, tana samar da sama da tan miliyan 200 a shekara. Mu da duk shanunmu ba mu kai tan miliyan 1 ba, madarar gari ta ƙasashen waje muke zuba wa shayi. Muna da Ladduga a Kachia, muna da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, muna cikin jihohin da suka fi noman waken suya. Kayan suna nan. Amma idan nama ya kuɓuce mana, sai mu zauna da gayan tuwo muna jiran ranar da zai dawo, muna kallon wake da awara da gyaɗa a matsayin abincin wanda ya gaza.

Mai awara ba ta gama ba. Ta nuna kaskon mai shayi da cokalinta. "Ku duba nan. Tun da na zauna ƙwai nawa aka fasa a teburin nan? Wanne a cikinku ya bar wa yaransa ko ɗaya a gida? In dare ya yi kuma ku tsaya wurin mai tsire ku ci na dubu, ku goge baki, ku shiga gida ku ce gari ya yi zafi."

Teburin ya yi tsit na ɗan lokaci, domin ta taɓa inda ke ciwo. Wannan ita ce al'adar da ta fi damuna, don ita ce take fakewa a bayan babu. Idan kaza ɗaya ta shiga tukunya, mun san tsarin rabo: ƙundu da cinya na maigida, sai baƙo, sai manyan samari, uwar gida ta ɗauki abin da ya samu, yara kuma kai da ƙafafu da wuya. Har yanzu akwai tsofaffin da ke cewa kada a saba wa yaro da ƙwai ko nama, wai zai tashi da kwaɗayi har ya kai shi ga sata. Ina kyautata zaton rashi ne ya haifi wannan magana tun zamanin kakanni, aka rasa yadda za a gaya wa yaro babu, aka ce masa tarbiyya ce. Amma ta zauna daram, har gidajen da ke da hali suna bin ta. Alhali jikin da ya fi buƙatar tsokar nan shi ne na ɗan shekara biyu da na mai ciki da na mai shayarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma abin ya fi muni a nan Arewa maso Yamma.

Indiya ma ba ta tsira ba, kada a ɗauka yabonta nake yi gaba ɗaya. Nasu binciken na 2019 zuwa 2021 ya samu kusan kashi 36 na yaransu a wannan hali. Ya kuma nuna mazan da ba su taɓa cin nama ko kifi ba kusan kashi 17 ne, mata kuwa kashi 29, ka ga ko a can namiji na fita waje ya ci abin da ba a dafawa a gidansa. Jihar Tamil Nadu ta sa ƙwai a abincin 'yan makaranta tun 1989, amma a 2015 babban ministan Madhya Pradesh ya ƙi yarda a ba yara ƙwai a cibiyoyin renon gwamnati saboda aƙidar ƙin nama, alhali yawancin yaran 'ya'yan talakawa ne da iyayensu ba su haramta wa kansu ƙwai ba. Mu a nan, da gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, kowa ya ga yadda azuzuwa suka cika har yara na zama a ƙasa, kuma ranar ƙwai babu mai fashi.

Baba ya yi gyaran murya ya ce shi dai a gidan ubansa haka aka yi rabo, kuma ga shi ya kai tsufa. Mama mai doya ta ce, "Baba, kai ka kai. Ƙannenka nawa ne ba su kai ba?" Bai amsa ba, ya ce wa mai shayi ya ƙara masa ruwan zafi.

Daga nan zance ya koma kan watandar bana, don an riga an buɗe littafin zubi, kowane mako mutum ya kawo abin da ya sawwaƙa har zuwa Disamba. Mai awara ta kawo shawara cewa in an kayar da san, a ware hanta gaba ɗaya a raba wa gidajen da ke da mai ciki ko yaron goye, sauran su ɗauki ƙarin ganda da ƙashi a madadinta. Baba ya ce watanda tun fil'azal kashi daidai ake yi, in aka fara ware wani abu rigima za a jawo. Ɗan acaɓa ya goyi bayan mai awara, aka ce ai don matarsa na da tsohon ciki ne, ya ce ƙwarai kuwa, dalilin ke nan. Sarkin Fawa ya ce shi wuƙa ce tasa, yadda masu kuɗi suka ce a kasa haka zai kasa, amma su daidaita tun kafin a je Zango, kada a tsaya musu a kan nama rana na dukansa. An tsayar da cewa ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar, duk wanda sunansa ke cikin littafin ya zo, kuma wannan karon har da matan gida za a yi zaman.